Sayen Faifan Kiɗan Turai Na Dauri: Sunan Beethoven Kaɗai Bai Isa Ba

Duk wanda ya yi niyyar sayen faifan Alhaji Mamman Shata ko na Alhaji Musa Ɗanƙwairo ba shi da wata wahala in ban da ta kuɗi. Ya faɗi sunan waƙa, a miƙo masa, domin wanda ya ƙaga waƙar shi ne ya rera ta, muryarsa ce kuma a cikin faifan. Amma kiɗan nan na Turai da ake kira kilasik, watau na manyan masu tsara kiɗa na dauri irin su Bach da Mozart da Beethoven, sha'aninsa dabam ne ƙwarai, rashin sanin bambancin kuwa yakan sa ɗalibi ko ma'aikaci ya zuba kuɗinsa a cinikin biri a sama.

Beethoven ya rasu a birnin Biyana cikin 1827, shekara 50 cif kafin Edison ya ƙago na'urar ɗaukar magana a 1877. Ke nan babu wani faifai a duniya da ke ɗauke da kiɗan hannun Beethoven. Abin da ya bari takarda ce, rubuce da alamomin kiɗa. Idan ka sayi faifai mai sunansa, abin da ka saya shi ne yadda wata rundunar makaɗa ta karanta takardar nan a wata rana, a wani ɗaki, ƙarƙashin wani madugu, watau mutumin nan da ke tsayawa gabansu da 'yar sanda yana ba su hannu. Takardar kuwa ba ta faɗin kome da kome. Takan ce a yi sauri, ko a sassauta, ko a ɗaga sauti, amma gwargwadon haka yana hannun madugu. Simfoni na Tara na Beethoven, wanda aka fara kaɗawa a 1824, Arturo Toscanini ya gama shi cikin minti 65 ko kusa da haka a faifansa na 1952, alhali Wilhelm Furtwängler ya ci wajen minti 74 a bikin Bayreuth na ƙasar Jamus cikin 1951. Aiki ɗaya ne a gabansu, amma wanda ya saurari na farko zai ce dawaki ne ke sukuwa, wanda ya saurari na biyu kuwa ya ce ayari ne ya ɗauko hanya da kaya niƙi-niƙi.

Ba ma sai an haɗa mutum biyu ba. Glenn Gould, makaɗin fiyano ɗan ƙasar Kanada, ya ɗauki kiɗan nan na Bach mai suna Goldberg sau biyu a ɗakin ɗaukar faifai. Na farko a 1955, yana saurayi mai shekara 22, ya ratsa shi cikin minti 38 da 'yan daƙiƙu, yatsunsa kamar ba su taɓa ƙasa. Na biyu a 1981, ya sassauta, ya maimaita waɗansu sassa da bai maimaita ba da fari, har kiɗan ya kai minti 51. Ya rasu cikin watan Oktoba na 1982, jim kaɗan bayan fitowar faifan. Masu son kiɗa har yau ba su daina gardama a kan wanda ya fi ba, kamar dai yadda masu sauraron Shata kan yi musu a kan wace Bakandamiya ce ta fi daɗi, tun da ba ya rera ta iri ɗaya sau biyu. Wanda ya aika a sayo masa "Goldberg na Gould" bai faɗi shekara ba, ya bar wa ɗan aike rabin zaɓin. (Ya kuma sani tun da wuri cewa Gould yana da al'adar yin gunaguni da baki yana cikin kiɗa, ana kuwa jin sa a faifan, ba lalacewa faifan ya yi ba.)

Saboda haka karatun bangon faifai shi ne farkon aiki. Yawancin waɗannan ayyuka ba su da suna irin na waƙoƙinmu, sai lamba. Haydn yana da simfoni 104 masu lamba, Vivaldi kuwa ya rubuta konceto wajen 500, to, in mutum ya ce "simfonin Haydn" bai ce kome ba tukuna. Domin haka aka yi wa ayyukan jerin lambobi. Alamar Op. tana nufin lambar aikin. Simfoni na Biyar na Beethoven shi ne Op. 67. Ayyukan Mozart suna ɗauke da harafin K, daga sunan Ludwig von Köchel wanda ya jera su a 1862 daga 1 zuwa 626. Simfoninsa na 40 shi ne K. 550. Na Bach kuwa BWV ne, jerin da Wolfgang Schmieder ya fitar a 1950, Goldberg ɗin nan shi ne BWV 988. Wanda ya rubuta lambar a takarda kafin ya fita saye ya tsira daga sayen abin da yake da shi, ko abin da ba shi yake nema ba.

A lura kuma ko aikin cikakke ne. Simfoni yawanci kashi huɗu ne, ana bin su a jere kamar babin littafi. Akwai fayafai masu araha da yawa, masu take irin na "zaɓaɓɓun kaɗe-kaɗe", waɗanda kan tsinko kashi ɗaya daga nan, ɗaya daga can. Daga Simfoni na Biyar sukan ba ka minti bakwai na farko, su watsar da sauran kusan rabin sa'a. A ganina irin waɗannan ba su cancanci kuɗin mai neman sani ba, don kuwa kamar a ba ka farkon tatsuniya ashirin ne ba a kai ka ƙarshen ko ɗaya ba.

Sa'an nan sai shekarar da aka ɗauki kiɗan, wadda akan ɓoye da ƙananan haruffa a bayan bango, ba lalle ne kuma ta zama ita ce shekarar da aka buga faifan ba. Kafin 1925 ba a amfani da makirfo wajen ɗaukar kiɗa a faifai. Makaɗa kan cunkushe gaban wani babban ƙaho su yi ta kiɗa a bakinsa. Da haka Arthur Nikisch da makaɗan Balin suka ɗauki Simfoni na Biyar a 1913, a kan fayafan garmaho huɗu, gaba da baya, domin fuskar faifai ɗaya ba ta wuce minti huɗu zuwa biyar ba. Kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai mai juyi 33 da sulusi a 1948, wanda fuskarsa ɗaya kan ɗauki fiye da minti 20. Fayafan sitiriyo, masu raba sauti dama da hagu, sun shiga kasuwa sosai a 1958, faifan CD kuwa a 1982. A bayan CD da yawa za a ga haruffa uku, AAD ko ADD ko DDD. Harafin farko shi ke nuna irin na'urar da ta ɗauki kiɗan: A tsohuwar hanya ce ta tef, D kuwa sabuwa ce ta lambobi.

A nan mutane kan ruɗe, su zaci sai DDD ne mai kyau. Ba haka ba ne. Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa na 1970 injiniyoyin kamfanoni irin su Decca da EMI da Deutsche Grammophon sun riga sun ƙware, kuma a zamanin ne aka ɗauki waɗansu fayafai da har yau ake auna saura da su: Simfoni tara na Beethoven da Herbert von Karajan ya yi da makaɗan Balin a 1961 da 1962, konceto na Elgar da Jacqueline du Pré ta kaɗa da babban gogen nan celo a 1965 tana da shekara 20, da Simfoni na Biyar na Carlos Kleiber da makaɗan Biyana a 1974. An sha sake buga su a farashi mai sauƙi, don kamfanonin sun daɗe da mayar da kuɗinsu. Karajan ma ya sake ɗaukar simfonin nan tara da sababbin na'urori a shekarun 1980, amma masu sharhi da yawa sun fi yaba na 1962. Waɗanda suka girmi haka, kamar kaɗe-kaɗen celo na Bach da Pablo Casals ya ɗauka tsakanin 1936 da 1939, dukiya ce, sai dai akwai shuu da ƙaraf-ƙaraf a cikinsu. Gara a bar su sai kunne ya saba da aikin a faifai mai tsabtar sauti.

Akwai kuma wata rarrabuwa da ya kamata mai saye ya sani. Tun daga shekarun 1950 waɗansu makaɗa suka ce kayan kiɗan zamani sun sauya muryar tsofaffin ayyuka, suka koma ga irin kayan da aka yi amfani da su a zamanin mawallafan: goge mai tsirkiyar hanjin tumaki maimakon ta ƙarfe, sarewar itace, ƙaho marar maɓallai, da runduna 'yar kaɗan. Nikolaus Harnoncourt ya kafa tasa ƙungiya a Biyana a 1953, Christopher Hogwood ya kafa tasa a Ingila a 1973, John Eliot Gardiner kuma ya fitar da simfonin Beethoven tara ta wannan hanya a 1994. Sautinsu siriri ne mai kaifi, sukan kuma fi sauri. Wani in ya ji sai ya ce an wanke wa kiɗan ƙura, wani kuwa ya ce an ramar da shi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, amma dai a san wanne ake saye.

Maganar kuɗi fa? An ce araha ba ta ado, to, amma a wannan kasuwa maganar ba kullum take tabbata ba. Klaus Heymann ya kafa kamfanin Naxos a Hong Kong cikin 1987, ya riƙa ɗaukar ƙwararrun makaɗa da ba su yi suna ba tukuna, da fari yawancinsu daga gabashin Turai, yana sayar da sababbin fayafai a farashin da bai kai rabin na manyan kamfanoni ba, da yawa daga cikinsu kuma suka sami yabo. Arahar da za a guda ita ce wadda ba ta faɗin wanda ya yi kiɗan, ko wuri, ko shekara. Akwai ma fayafan da suka cika kantuna a shekarun 1980 da 1990 ɗauke da sunan wani madugu wai shi Alberto Lizzio, alhali ba a taɓa haihuwar mai wannan suna a sana'ar ba; wani mai harkar fayafai ne, Alfred Scholz, ya ƙaga sunan ya liƙa wa tsofaffin tef.

Abin da ya fi wannan ban mamaki shi ne labarin Joyce Hatto, wata makaɗiyar fiyano ta Ingila da ta daina fita gaban jama'a tun 1976. A ƙarshen rayuwarta sai ga fayafai fiye da 100 suna fitowa da sunanta daga ɗan kamfanin mijinta, William Barrington-Coupe, ana cewa ta ɗauke su ne tana fama da ciwon daji. Manyan masu sharhi suka yi ta kambama ta, har ta rasu a 2006 ana yi mata kallon gwanar da duniya ta manta. Cikin Fabrairu 2007 wani mai sauraro a Amurka ya sa faifanta na kiɗan Liszt a kwamfuta, sai manhajar iTunes ta nuna masa sunan wani dabam, László Simon, wanda kamfanin BIS ya buga faifansa tun shekaru da suka wuce. Da injiniyoyi suka gwada zanen sautin fayafan biyu sai ga shi sun hau kan juna. Mujallar Gramophone ta tona asirin, bincike kuma ya nuna cewa kiɗan makaɗa da dama ne aka kwafa, wani wuri a ɗan ƙara masa sauri ko a rage don a ɓad da sawu. Madugun da aka ce shi ya jagoranci rundunar da ta raka ta, wai René Köhler, shi ma babu shi. Daga baya mijin ya amsa cewa ya yi amfani da kiɗan waɗansu. Abin lura a nan, kiɗan da ke cikin fayafan mai kyau ne tun asali, amma masu shi na gaskiya ba su taɓa samun irin yabon da aka yi wa Hatto a kansa ba. Labarin rashin lafiyarta ne ya shiga kunnen masana tun kafin kiɗan ya shiga.

Duk da haka shawarar masana tana da amfani, muddin an ɗauke ta a matsayin shawara. Mujallar Gramophone tana fitowa tun 1923. Tashar BBC ta uku tana da wani shiri na ranar Asabar inda masani ɗaya kan ɗauki aiki guda ya jera fayafansa, ya yi ta zubar da su ɗaya bayan ɗaya da hujja har ya tsaya a kan wanda ya zaɓa. Hujjojin sun fi zaɓin amfani, don su ke koya wa kunne abin da zai nema.

Mai saye na yau kuwa ya sami abin da na dā bai samu ba, watau damar ji kafin biya. Ta intanet, a dandali irin su Idagio da aka buɗe a 2015, ko Apple Music Classical na 2023, ana iya jera kiɗa ɗaya daga hannun madugai goma a saurara. Amma haya ce: ran da kuɗin wata ya ƙare, ko layi ya ɗauke, kiɗa ya tafi. Wanda ya sami abin da ya kwanta masa a rai gara ya mallake shi, ko CD ko wanda ake saukewa a ajiye, tare da 'yar takardar bayanin da ke zuwa da shi, musamman in waƙar Jamusanci ce ko Italiyanci mai bukatar fassara. In kuwa tsohon dogon faifai ne na gwanjo, a fitar da shi daga bango a karkata shi ga haske a duba zane, a ɗora shi a tafin hannu a ga ko ya lanƙwashe. A ƙasarmu zafin rana da ƙurar hunturu su ne maƙiyansa, sai a jingine shi a tsaye cikin inuwa, kada a tara wani bisa wani.

Ga mai farawa, da ya sayi ayyuka goma dabam-dabam gara ya sayi Simfoni na Biyar sau biyu, na Kleiber da na Gardiner, ya yi mako yana jin wannan yana jin wancan. Wurin gwaji kuwa yana ƙarshen kashi na uku, inda babu tsayawa tsakaninsa da na huɗu. Makaɗa kan yi ƙasa da sauti har ya zama saura tambari kaɗai ke bugawa a hankali kamar bugun zuciya, goge na laluben hanya a bisansa, sa'an nan sauti ya taso cikin 'yan daƙiƙu, rundunar duka ta ɓarke tare da dogayen ƙahonin tagulla uku da suka zauna shiru tun farkon kiɗan. Lasifikar wayar hannu ba ta iya ɗaukar wannan, ƙarar janareta kuma takan haɗiye tambarin ɗungum. A sa abin sauraro a kunne, bayan sallar isha'i, sa'ad da unguwa ta yi tsit.