Ɗaliban ƙasar Sin da ke karatu a waje: me ya sa diploma ba ta buɗe ƙofar aiki kamar dā?

Shekaru ashirin ko talatin da suka wuce, matashin da ya koma ƙasar Sin da diplomar Amurka ko Ingila ba ya neman aiki, aiki ne ke nemansa. Yau labarin ya sake. Mun ga ya kamata mu bi wannan magana daga tushenta, domin da yawa daga cikin masu saurarenmu na da ɗa ko ƙane da ke karatu a waje, wasu ma a can Sin ɗin.

Abin ya faro ne a 1978, lokacin da shugaba Deng Xiaoping ya ce a tura ɗalibai waje da yawa su koyo kimiyya da fasaha. A watan Disamba na wannan shekara mutum 52 suka tashi zuwa Amurka. Waɗanda suka dawo a shekarun baya sun tarar da ƙasa mai ƙishirwar ilimin zamani da harshen Turanci, suka shiga manyan ofisoshi. Robin Li, wanda ya kafa kamfanin Baidu a shekara ta 2000, ɗaya ne daga cikinsu: a Amurka ya yi karatun kwamfuta. Sinawa suka raɗa wa irin waɗannan suna "haigui", kalmar da ke nufin wanda ya dawo daga ƙetare, kuma sautinta ɗaya da na kunkurun teku, mai yawo nesa ya dawo gaɓar da aka haife shi.

To me ya canza? Na farko, yawa. Alƙaluman ma'aikatar ilimi ta Sin sun nuna cewa daga 1978 zuwa 2019 mutum fiye da miliyan 6 da rabi suka fita karatu, kuma sama da miliyan 4 sun dawo. A 2019 kaɗai ɗalibai kusan dubu 700 suka fita, wajen dubu 580 suka komo. Abin da ya yi yawa a kasuwa, ai kowa ya sani, kuɗinsa sauka yake. Har aka ƙirƙiro wani sunan tsokana, "haidai", wato ciyawar teku, ga wanda ya dawo yana zaune gida jiran aiki.

Na biyu, jami'o'in gida sun tashi. Tsinghua da jami'ar Peking yanzu suna cikin manyan makarantun duniya, kuma masu kammala karatu a cikin ƙasa sun kai miliyan 11 da dubu 790 a 2024, suka haura miliyan 12 a 2025. Da yawa daga cikin waɗannan aiki suke nema. A watan Yunin 2023 rashin aiki tsakanin matasan birane masu shekara 16 zuwa 24 ya kai kashi 21.3 cikin ɗari, har hukuma ta dakatar da fitar da lissafin na ƴan watanni, ta dawo da shi bayan ta cire ɗalibai daga ƙidayar.

Na uku, masu ɗaukar aiki sun fara tambayar inda aka samo takardar. A Sin kowa ya san wahalar jarrabawar "gaokao", kamar bak ɗinmu amma da mutum sama da miliyan 13 a 2025. Wanda ya tsallake ta ya shiga babbar jami'a, an san ƙoƙarinsa. Wanda ya je waje kuwa, wani lokaci ana zargin kuɗin iyayensa ne suka kai shi. Digiri na biyu na shekara guda, irin wanda ake yi a Ingila, wasu na yi masa ba'a da cewa digiri ne mai ruwa-ruwa. Kafin a karɓi diplomar waje a aikin gwamnati ko a manyan kamfanoni, sai wata cibiya ta ma'aikatar ilimi ta tantance ta, kuma a farkon 2023 wannan cibiya ta daina amincewa da digirin da aka yi ta intanet daga gida.

Akwai kuma matsalar lokaci. Manyan kamfanonin Sin na ɗibar sabbin ma'aikata ne a lokacin kaka, tun ɗalibi yana shekarar ƙarshe. Wanda ke Landan ko Sidney sau da yawa yana rasa wannan zagaye, ba shi da horon aiki a kamfanin gida, ba shi da malamin da zai gabatar da shi.

Siyasa ma ta shigo. Tsamin dangantaka tsakanin Beijing da Washington ya sa ɗaliban Sin a Amurka suka ragu daga kusan dubu 372 a shekarar karatu ta 2019 zuwa 2020, zuwa kusan dubu 277 a ta 2023 zuwa 2024, Indiya ta sha gabansu. A gida kuma, wasu larduna irin su Guangdong sun cire jami'o'in waje daga shirin da ake zaɓar matasa don horar da su su zama shugabannin gobe. A watan Afrilun 2025 Dong Mingzhu, shugabar kamfanin Gree mai ƙera na'urorin sanyaya ɗaki, ta ce ba za ta ɗauki masu karatun waje ba saboda tsoron ƴan leƙen asiri. Maganar ta jawo mata suka sosai, har a jaridun ƙasar, amma ta nuna irin shakkun da ke yawo.

Kada fa mu ɗauka ƙofa ta rufe gaba ɗaya. Tun 2022 birnin Shanghai na bai wa wanda ya kammala a ɗaya daga cikin jami'o'i 50 na sahun gaba a duniya takardar zama ɗan gari da zarar ya samu cikakken aiki a can. Wannan takarda, "hukou", ita ke sauƙaƙa wa mutum sa ƴaƴansa a lakwal ɗin gwamnati da sayen gida. Masu digirin dakta a fannin kimiyya, likitanci ko kwamfuta har yanzu ana zawarcinsu. Kamfanonin Sin da ke kafa rassa a waje, masu motocin lantarki, wayoyin salula, gine-gine da man fetur irin waɗanda muke gani a matatar SORAZ ta Damagaram, suna buƙatar wanda ya iya harsuna kuma ya san zama da baƙi.

Ke nan kasuwar ta rabu biyu. Wanda ya fito daga sananniyar jami'a, da fannin da ake nema da ɗan ƙwarewar aiki, yana gaba. Wanda ya dawo da takarda kawai daga makarantar da ba a sani ba, albashinsa na farko ba ya nisa da na abokinsa da bai taɓa hawa jirgi ba, alhali iyayensa sun kashe tanadin shekaru, wasu har da sayar da gida.

Mu ma nan ana sayar da gona ko shanu don ɗa ya tafi karatu. Kafin a sa hannu a aljihu, iyayen Sin yanzu tambaya uku suke yi: wace makaranta ce, wane fanni ne, kuma hukumar gida za ta amince da takardar? Tambayoyin nan suna da amfani a Maraɗi kamar yadda suke da shi a Shanghai.