Mota Tana Ajiye, Batir Yana Ƙarewa

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar an rufe iyakar Konni da Illela ta jihar Sakkwato, ba a sake buɗe ta ba sai cikin Maris na 2024. Kafin nan ma an yi wata rufewar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Duk mai motar da abincinsa ke kan wannan hanya ya san abin da dogon zama ke yi wa mota: ranar da hanya ta buɗe, a murza makulli, sai a ji ƙas-ƙas-ƙas, fitilun gaban direba su dusashe, shi ke nan. Ba kuma sai an rufe iyaka ba. A ƙasar Adar jingine mota abu ne na kullum. Magidanci daga Illelar Nijar ko Badagishiri zai tafi biɗa Abijan ko Libiya ya bar motarsa a zaure wata shida. Alhaji zai tafi Makka. Ɗan kasuwar albasa a Galmi yana da motar da ba ta motsi sosai sai kaka ta zo. A cikin duk kayan motar, batir ne ke fara gajiya da zaman.

Batirin mota tsohuwar fasaha ce. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi a 1859, kuma har yau tushensa bai canza ba: faifayen dalma a nutse cikin ruwan asid, a ɗakuna shida, kowane ɗaki yana ba da bolt 2 da ɗan ɗoriya. Cikakken batir mai lafiya yana nuna bolt 12.6 zuwa 12.7. In ya sauka 12.2, rabin wutarsa ta tafi, ko da yake bambancin a ido kamar ba komai ba ne. Duk lokacin da batir ke sakin wuta, wani farin gishiri yana taruwa a jikin faifayen. In an yi caji da wuri gishirin yana narkewa ya koma cikin ruwan. In aka bar shi makonni sai ya daskare ya yi tauri, wurin da ya rufe kuma ya daina aiki ke nan. Shi ya sa batirin da ya kwana biyu a ƙasa, ko an cika shi, ba ya komawa yadda yake.

Ta hanya biyu wutar ke zurarewa. Ta farko, batir yana cin kansa da kansa ko ba a haɗa shi da komai ba, wajen kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a wata in wuri yana da sanyi-sanyi. Zafi na ƙara saurin abin, kusan ninki biyu a duk ƙarin digiri 10. To a Konni da Malbaza, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, motar kuma tana ƙarƙashin rumfar kwano, lissafin da aka buga a kwalin batir don Turai bai shafe mu ba. Ta biyu, motar zamani ba ta barci. Agogo, rediyo, kwamfutar inji, na'urar buɗe ƙofa daga nesa, kowanne yana tsotsar kaɗan, jimilla miliamfa 20 zuwa 50. A ɗauki 30: a wata guda ya cinye fiye da amfa-awa 20, sulusin batir mai 60 ke nan. Haɗa da abin da zafi ya ci, wata biyu ya isa motar ta ƙi tashi.

Maganin da aka fi sani shi ne a bar wa yaron gida makulli. "Kawu ya ce in riƙa ɗumama ta duk Juma'a," in ji shi, ya tayar da ita, ta yi ta ruri minti goma a tsaye, ya kashe. A ganina wannan dabara ta fi kowace yaudarar mutane, don kunne ya ji inji ya tashi, hankali ya kwanta. Alhali sitata tana jan ɗaruruwan amfa a lokacin tayarwa, altaneta kuwa ba ta ba da wutar kirki in inji na tafiya a hankali. Minti goma zai iya mayar da abin da tayarwar ta ci, amma ba zai biya bashin mako guda ba, balle in yaron ya kunna esi da kiɗa. In dai da inji za a yi caji, sai an hau titi an yi tafiya ta gaske, kamar daga Konni zuwa Malbaza a dawo.

Akwai kuma mai cajin batir na kasuwa. Aikinsa na da amfani, amma na ceto ne. Cajarsa tana tura wuta da ƙarfi, ba ta san ƙoshi ba, sai shi ya duba ya cire. In aka manta batir a kanta ruwan zai yi ta tafasa, ya ƙafe, faifayen su lalace.

Cajar rainon batir daban take. 'Yar ƙarama ce, ba ta fi tafin hannu da yawa ba, tana ba da wuta kaɗan, daga ƙasa da amfa 1 zuwa 4 ko 5. Tana cika batir har wajen bolt 14.4, sannan ta sauko da kanta zuwa 13.2 ko 13.6 ta tsaya nan, ko ta kashe kanta tana auna shi, in ya ɗan sauka ta ƙara masa. Saboda haka ana iya barin ta a haɗe watanni. CTEK na Suwidin da Battery Tender da NOCO na Amurka su ne sanannu, ga kuma na Sin iri-iri, masu kyau da na banza. A kwalin a nemi inda aka rubuta maintien de charge ko float. Tsohuwar caja mai ɗigon wuta ba tsayawa ba ita ake nufi ba, ko da mai shago ya rantse. Wadda ke auna zafin wuri ta fi dacewa da mu, domin batir mai zafi yana son bolt ƙasa da na mai sanyi, cajar da ba ta san haka ba kuwa za ta riƙa ƙafar masa da ruwa a bazara.

Sai maganar wuta. Mun ga yadda aka sha duhu lokacin da Najeriya ta yanke wa NIGELEC, kamfanin wutar Nijar, lantarki a Agustan 2023, kuma ko a lokacin lafiya ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ce. Don haka kafin a saya a gwada: a haɗa, a zare daga bango, a mayar. In sai an danna maɓalli take ci gaba da aiki, ba ta da amfani ga wanda ke Abijan. Ga wanda ke ƙauyen da babu layi, ko wanda bai yarda da layin ba, rana tana nan. A Malbaza aka buɗe tashar lantarkin rana mai megawat 7 a Nuwamban 2018, ta farko irinta a Nijar, ranar da ke ciyar da ita kuma ita ce ke dukan rufin gidanka. Faifan sola mai wat 10 ya ishi batir ɗaya, amma a sa masa regileta a tsakani, kada a haɗa kai tsaye. A kuma samu mai goge shi, don ƙurar hunturu tana iya rufe shi cikin 'yan kwanaki. Kada a dogara da ramin kunna sigari, domin a motoci da yawa yana mutuwa da zarar an cire makulli.

Kafin a haɗa, a buɗe murafen in batirin mai murfi ne, a leƙa. Ruwa ya rufe faifayen. In ya yi ƙasa a ƙara tataccen ruwan da ake sayarwa don batir, ban da ruwan rijiya ko na famfo, ban da ƙarin asid. Wannan farin garin mai ɗan kore da ke taruwa a kan sandunan kamar an barbaɗa toka, a kankare shi har ƙarfen ya yi haske. Jan bakin caja a kan sanda mai alamar +, baƙi a jikin ƙarfen mota nesa da batir, sannan a soka a bango. Batir na fitar da iskar haidirojin lokacin caji, tartsatsi ɗaya na iya fasa shi. Saboda haka wurin ya zama mai shan iska, nesa da murhu da taba, nesa kuma da jarkokin man ruwa-ruwa da wasu ke ajiyewa a gareji.

Wanda ba shi da cajar raino ko sola, ya kwance wayar sanda mai alamar −, ko ya cire batirin gaba ɗaya ya kai ɗaki mafi sanyi, a riƙa kai shi caji duk wata a lokacin zafi. Agogo da tashoshin rediyo za su goge, ba wata asara ba ce. Manyan motoci masu batir biyu suna aiki da bolt 24, sai caja mai 24 ko a yi wa kowanne daban. Batirin babur kuwa ƙarami ne, abin da bai kai amfa 1 ba ya ishe shi.

Cajar raino ba ta tayar da matacce. Batirin da cikinsa ya kumbura, ko yake warin ruɓaɓɓen ƙwai, ko ya tsaya wajen bolt 10.5 bayan an yi masa caji, ya gama aiki, kuma a irin zafinmu shekara biyu zuwa uku ne yawancinsu ke yi. Irin wannan kada a fasa shi a gida don ciro dalma. A Thiaroye da ke gefen Dakar, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka rasu saboda gubar dalmar tsofaffin batura da ake fasawa a unguwarsu. A kai shi a tsaye, ruwansa a ciki, wurin mai sayar da sabo. Galibi yana karɓa ya rage kuɗi.