Matuƙin Jirgin Sama Da Ya Faɗi Kuskurensa

Alhazan Isa da Sabon Birni, in sun hau jirgi a Sakkwato, bayan ikon Allah ransu yana hannun matuƙi. Ba a manta da ran 22 ga Janairu 1973 ba, da jirgin alhazai ya faɗi wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu.

To, yawancin kurakuran sauka da tashi ba su kai ga haka, sai dai matuƙi ya kan ɓoye nasa don tsoron kora. Malaman ofis sun san irin wannan tsoro. Amma ɓoyewar tana cin rai. A 1974 wani jirgi ya daki dutse kusa da Washinton, mutum 92 suka mutu. Ashe mako shida kafin nan matuƙan wani kamfani sun kusa afka wa dutsen nan, labarin bai kai ga matuƙan sauran kamfanoni ba.

Saboda haka a 1976 Amurka ta ɗora wa hukumar NASA karɓar irin wannan rahoto a asirce. Wanda ya kai kansa cikin kwana 10, ba a karɓe masa lasin da ya ke cin abinci da shi, muddin ba ganganci ba ne, kuma ba a yi haɗari ba. Sai a goge sunansa, a gargaɗi sauran matuƙa.