Ratse a Kan Dutsen Ben Nevis

 Yau za mu je yankin Sikotlan da ke arewacin Birtaniya, gindin Ben Nevis, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar baki ɗaya. Tsawonsa mita 1,345. In aka gwada shi da Chappal Waddi na jihar Taraba, mai sama da mita 2,400, ƙane ne. Amma kusan kowace shekara sai an sauko da gawa daga kansa, kuma abin da ya dame ni ke nan har na kawo maganar.

Dutsen yana da hanya sananniya, wadda ta tashi daga kusa da garin Fort William. An sare ta ne a 1883, domin dawakai su riƙa kai kaya tashar nazarin yanayi da aka gina a can ƙololuwa, tashar da ta yi aiki har 1904. Kangonta na nan har yau. Hanyar ba ta miƙe ba. Tana karkata dama, ta dawo hagu, ta sake komawa, kamar yadda makiyayi ke bi da shanunsa a gangare. Zuwa da dawowa kan ci awa bakwai zuwa tara. Dubun dubatar mutane na bin ta kowace shekara, har da dattawa da 'yan makaranta, su sauko lafiya, ba abin da ke damunsu sai ciwon cinya.

To ina matsalar take? A sama take, kuma a lokacin saukowa.

Kan Ben Nevis fili ne mai faɗi, cike da tarkacen duwatsu, kuma mafi yawan ranakun shekara a cikin gajimare yake. Ku tuna hazon hunturu in ya yi tsanani, sannan ku ƙara masa ruwa da iska da sanyin da ke kashe yatsu. Ta arewa, filin ya yanke ne kwatsam, ramin da ke ƙasa ya kai mita 600. Lokacin zafi ana iya ganin bakinsa. Lokacin sanyi kuwa dusar ƙanƙara kan taru a gefen, ta zarce bakin dutsen ta yi rumfa a kan iska, mutum ya taka yana zaton ƙasa ce.

Kowa ya san da wannan ramin, kowa na tsoronsa. Tsoron ne ma ke jefa wasu a ɗaya tarkon. Mai saukowa cikin hazo sai ya riƙa janyewa hagu don ya nisanci ramin arewa, yana janyewa kaɗan-kaɗan har ya saki hanya bai sani ba, ya faɗa wani kwazazzabo da ake kira Five Finger Gully, wato mai yatsu biyar. Bakinsa na sama ba ya ba da tsoro ko kusa. Gangare ne mai tsakuwa, ga kwarin Glen Nevis can ƙasa kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Sai zuciya ta ce, ai ga ratse. Yana ƙara sauka gangaren na ƙara tsayawa, duwatsun na ƙara santsi, har ya iso inda gaba rami, baya kuma ba ta hawuwa.

Duk wanda ya yi ƙuruciya a gidan da ke da bishiyar mangwaro ya san wannan hali. Hawa ba wuya, don idonka na ganin inda hannunka zai kama. Saukowa kuwa ƙafa ce ke gaba, kuma ƙafa ba ta da ido. Lalube take yi. Yaro a kan mangwaro zai yi kuka, yayansa ya kawo tsani. Wanda ya maƙale a jikin dutse shi kaɗai, magariba na kawo jiki, wa zai kira?

A nan tafiyar kaɗaici ke nuna halinta. Ni ban ga laifin mai son hawa dutse shi kaɗai ba, akwai natsuwa a ciki da ba a samu cikin ayari. Amma targaɗen da abokin tafiya zai ɗaure da ƙyalle ya tallafe ka ku sauko, shi ne zai kwantar da kai a wuri ɗaya in ba kowa. Jiki in ya daina motsi cikin jiƙaƙƙen kaya, zafinsa zubewa yake. Kuma sanyin in ya shiga, hankali yake fara taɓawa: mutum ya rikice, ya yanke shawarar da ba zai taɓa yankewa ba da yana cikin hayyacinsa, babu na kusa da zai ce masa dakata. In a kan hanya ka faɗi, wani zai wuce ya gan ka. In ka ratse, ka fita daga inda ake wucewa, ka kuma fita daga inda za a fara nemanka.

Masu neman kuwa 'yan sa-kai ne. Ƙungiyar ceto ta yankin Lochaber, mai kula da Ben Nevis, mutanen gari ne masu sana'o'insu, ba albashi ake biyansu ba. Cikin dare za a buga musu waya, su bar iyali su hau dutse da gadon ɗaukar majinyaci, domin jirgi mai saukar ungulu ba ya iya kusantar dutse in hazo ya rufe.

Wayar hannu ma ba abin dogaro ba ce. A 2021, ƙungiyar masu hawa duwatsu ta Sikotlan da gidauniyar John Muir sun yi kashedi cewa wani layi da taswirar Google ke nunawa zuwa ƙololuwar zai iya kai mutum ga halaka. Shi ya sa gogaggu ke riƙe taswirar takarda da kamfas. Daga alamar ƙololuwa sukan bi digiri 231 tsawon mita 150, suna ƙirga taku, sannan su juya digiri 282, wanda zai bi da su tsakanin ramin arewa da kwazazzabon nan. Hanyar lafiya, in ji Bahaushe, a bi ta da shekara.

Na san yanzu a Abuja da Jos matasa sun kama hawa dutse a ƙarshen mako, haka masu hawa Kufena a Zariya. Duwatsunmu ba su da ƙanƙara, amma falalen dutse in ruwa ya taɓa shi ya fi sabulu santsi, kuma zafin rana na rikita tunani kamar yadda sanyi ke yi. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in za ka fita kai kaɗai, gaya wa wani a gida dutsen da za ka hau, hanyar da za ka bi, da lokacin da in ba a gan ka ba a fara cigiya. Sa tocila da usur a jaka. Alamar neman agaji da masu hawa duwatsu suka sani ita ce busa shida a jere, a yi shiru minti ɗaya, a sake.