Naushin Haɓa: Tsakanin Damben Turawa da Damben Hausawa

Daga cikin manyan nau'o'in naushi huɗu na damben Turawa akwai wanda ake tasowa da shi daga ƙasa zuwa sama, a nufi haɓar abokin karawa. Ƙarfinsa ba daga damtse yake fitowa ba. Ɗan dambe kan ɗan rusuna, ya lanƙwasa gwiwar hannu, sannan ya yunƙura da ƙafa yana murɗa ƙugu. Idan dunƙulen ya sami haɓa, kai kan fizgu baya, ƙwaƙwalwa ta girgiza, mutum ya zube.

Sharaɗin wannan naushi shi ne kusanci. Dokokin Queensberry, waɗanda aka wallafa a Ingila a 1867, sun wajabta safar dambe, kuma hannaye biyu duk na duka ne. Don haka ana iya buɗe hanya da ɗaya, a taso da ɗayan.

A damben Hausawa kuwa aiki rabe yake. Hannun da aka naɗe da kara da zare shi ne mashi. Wanda aka miƙa gaba, tafi a buɗe, shi ne garkuwa. Garkuwa na tsare tazara, mashi kuma na can baya, saboda haka dukan kisa yakan zo ne a kewaye, daga nesa.

Wannan bambanci jan kunne ne ga masu fassara da masu tsara ƙamus: kalmomin dambe daga tsayuwar 'yan dambe suke tsirowa. Daidaita su ba tare da duban fage ba na iya haifar da ma'anar da ba ta da tushe.