Shiga Ƙungiyar Ƙwadago: Dole Ne Ko Ganin Dama?

Duk ƙarshen wata, malamin firamare a Bunguɗu yakan tarar an cire wani abu daga albashinsa. Kuɗin ƙungiyar malamai ne, wato NUT. Ma'aikacin ƙaramar hukumar Tsafe kuma, NULGE ke karɓar nasa. Da yawa ba su taɓa tambaya ko dole ne ba.

A da kusan dole ne. A 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta haɗe ƙungiyoyin ma'aikata suka koma 42, da uwar ƙungiya guda, wato NLC. Aka ce a riƙa cire kuɗin ƙungiya tun kafin albashi ya zo hannu.

A 2005, lokacin Obasanjo yana shugaban farar hula, aka gyara dokar. Yanzu shiga ganin dama ne. Ba a tilasta wa ma'aikaci, ba a kuma ƙuntata masa don ya ƙi. Wanda ba ya so a ci gaba da cire masa kuɗi, sai ya rubuta takarda ya ce ya fita. Faɗa da baki bai isa ba. Shugabannin ƙwadago sun ce an yi gyaran ne don a karya NLC, saboda yajin aikin da ta yi ta kira kan ƙarin kuɗin fetur.

To, ina gardamar take? Masu son a tilasta suna cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 2024, da ƙungiyoyi suka matsa aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, dokar ba ta ware wanda ya ƙi biya ba. Suna kiran irinsa ci-ma-zaune. Maganarsu tana da ƙarfi. Amma ɗaya ɓangaren na cewa guminsa ne, kuma shugaban da ya san kuɗi za su shigo ko ya yi aiki ko bai yi ba, yakan manta da na ƙasa. Ko a Amurka kan ya rabu: jihohi 26 cikin 50 sun hana tilasta biyan.

Inda abin ya fi wuya shi ne tasha. Direban da ke jigila daga Gusau zuwa Tsafe ba albashi gare shi ba, balle ya rubuta takarda. In bai yanki tikitin ƙungiyar direbobi ta NURTW ba, 'yan kamasho ba za su ba shi lodi ba. Sai dai ya tsaya bakin titi yana tsintar fasinja.