Mai Gadin Cikin Jini

Jama'a, a cikin ɓargon ƙashi ake yin jininmu. Kullum ɓargo yana haifar sabbin ƙwayoyin jini. Ƙanana suke fitowa, kamar yara, sai sun girma su fara aiki.

A cikin kowace ƙwaya akwai wani ɗan sinadari da likitoci suke kira PML. Aikinsa gadi ne. In ƙwaya ta lalace, yana taimakawa a hana ta yaɗuwa. Manomin albasa a Galmi ya san wannan aiki: wadda ta ruɓe ake cirewa daga rudu tun ba ta ɓata sauran ba.

To, wani lokaci akan samu kuskure. Cikin ƙwaya akwai zaruruwa 46, biyu-biyu, masu ɗauke da umarnin jiki. Sai zare na 15 da na 17 su tsinke, su ƙullu a karkace. Mai gadin nan sai ya manne da wani sinadari, ya kasa aiki. Yaran ƙwayoyin kuma su ƙi girma, su cika ɓargo, su hana lafiyayyen jini fitowa. Wannan wani irin ciwon daji ne na jini. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba a gadonsa, kuma ba sammu ba ne.

Ciwon ba ya da yawa, amma yana da gaggawa. Mutum zai ga dasashinsa na jini, haɓo ya ƙi tsayawa, tabo baƙi-baƙi ya fito a fata ba wanda ya buge shi. Ga kasala, ga zazzaɓi. A da, zubar jini kan kashe mai shi cikin ƴan makonni.

Daga ƙasar Sin maganin ya fito. A shekarun 1970, likitocin garin Harbin suka gwada arsenik, wanda guba ce sananniya. A shekarun 1980, Dokta Wang Zhenyi na Shangai ya ba marasa lafiya wani magani ɗan uwan bitamin A. Shi ke sa yaran ƙwayoyin su girma. Arsenik kuwa PML ɗin yake kamawa, ya sa ƙwaya ta rushe abin da ya manne. Abin mamaki, guba ta zama waraka! Yau inda ake samun magungunan biyu da wuri, wajen tara cikin goma suna warkewa.

Amma a kula. Bitamin A da ake ɗiga wa yara a baki ba shi ne wannan magani ba. Arsenik kuma sai a hannun likita, da awo, in ba haka ba kisa yake yi.

Wanda ya ga jini na zuba haka kawai, ko a Ƙonni yake, ko Malbaza, ko Illela, kada ya jira ranar kasuwa. Ya tafi gidan likita a auna jininsa. In abin ya fi ƙarfinsu, za su rubuta masa takarda zuwa Tawa ko Yamai.